Muryar Ɗantala Mai Gangar Noma

Litinin 4 ga Agusta, da hantsi

Anti Ummukulthum ta bugo daga ofishinmu na Rogo. Ta ce babbar kwamfutar tana wani ƙas-ƙas kamar ana ɓarar gyaɗa. Na ce ta kara wayar a jikinta in ji. Na ji. Rumbun ajiyar da ke cikinta ne ya fara mutuwa, kuma duk aikin ƙungiyarmu a cikinsa yake: hirarrakin tsofaffin ƙauyukan Beli da Jajaye da Yola da ta yi shekaru tana bi gida-gida tana ɗauka, murya da hoto, tarihin garuruwa, waƙoƙin daka, kiɗan noma. Babu kwafinsu a ko'ina.

Na ce kada ta damu. Don irin wannan rana aka kawo mana na'urar kaset watan jiya, aka girke ta nan Karaye a ofishina. Eriyar da ke kan rufin ofishin Rogo za ta turo komai, na'urar ta rubuta a kaset biyun da muke da su. Na ce kafin Juma'a an gama.

Ta ce, "Nuriyya, da yawansu fa sun rasu."

Na ce, "Na sani, Anti. Ki bar mini."

Litinin, bayan la'asar

Har yanzu ina ganin gaskiyata game da inda aka ajiye na'urar. Ba a ajiye kwafi ɗaki ɗaya da asali. Gobara ɗaya, ko rufi ya zubo, an rasa duka. Kuma a Karaye muke da sola. Haka na faɗa a taron kwamiti, kuma haka yake.

Malam Yusha'u, wanda ke kula da kwamfutocin kafin a ɗauke ni, bai musa ba. Cewa kawai ya yi kwafin farko ya yi wa eriya nauyi, a sa na'urar a mota a kai ta Rogo a jona kai tsaye, in an gama a dawo da ita. Amsar da na ba shi ba zan rubuta ta a nan ba. An yi dariya. Har Shugaba, Alhaji Bahauddeen, sai da ya rufe baki da hannun riga. Na ji daɗin dariyar.

Talata 5 ga Agusta, da azahar

Na'urar nan ba ta iya tafiya a hankali ba. An yi ta ne don ta ja kaset da gudu tana rubutu ba tsayawa. Abin da ke zuwa daga Rogo kuwa ɗigo-ɗigo ne. Sai ta zabura, ta rubuta ɗan abin da ya iso, ya ƙare, ta ja birki, ta koma baya, ta jira. Zuuu, tsit. Zuuu, tsit. Wuni guda kenan ina jin ta. Kowace komawa baya gugar kaset ɗin take yi tana cinye shi.

Na lissafa saurin. Na sake lissafawa. Na rufe kalkuleta.

Laraba 6 ga Agusta, da safe

An kwana ana ruwa. Eriya ta yanke, aikin ya tsaya, sai da na tayar da shi daga inda ya karye.

Laraba, da yamma

A jikin kwalin kaset lamba biyu aka rubuta, ƙarama da babba. Babbar ita na karanta wa kwamiti. Ita ce abin da kaset zai ɗauka idan kayan suna matsuwa, don na'urar tana matse abu kafin ta rubuta, in an tashi ɗauka ta ware shi ya dawo daidai yadda yake. Rubutu yana matsuwa sosai. Murya da hoton bidiyo ba sa yi, sai ɗan abin da ba a rasa ba. An koya mana wannan a aji. Na ci tambayar a jarrabawa.

Kaset biyu ba za su ɗauke kayan nan ba. Ko da za su ɗauke, eriya ba za ta gama turowa ba kafin rumbun ya mutu.

Baba ya tambaye ni a kan tabarma bayan magariba, "Injiniya, ya aikin?" Haka yake kirana tun da na dawo daga Kano, har a ofishin Hakimi inda yake aiki. Na ce lafiya lau.

Alhamis 7 ga Agusta, da hantsi

Malam Yusha'u ya leƙo. Bai shigo ba, daga bakin ƙofa ya tsaya. Bayan gaisuwa ya saurari na'urar na ɗan lokaci, sannan ya ce a-kori-kurar ƙanensa za ta Rogo gobe da taki, akwai wuri a gaba, in ina so a shimfiɗa katifa a ɗora ta. Ya ce kuma yana da wanda zai iya aiko da ƙarin kaset daga Kano.

A hankali ya faɗa. Babu kowa a wurin.

Na ce, "Na gode, Malam. Komai yana tafiya yadda na tsara."

Ya ce, "To, madalla. Allah ya taimaka."

Abin da na gani a idona shi ne ana fito da na'urar nan a kan katifa, masu shayin bakin titi suna kallo, labari ya kai ofishin Hakimi kafin motar ta bar gari. Shi kaɗai na gani.

Juma'a 8 ga Agusta, bayan masallaci

Shugaba ya bugo. Na ce, "Ranka ya daɗe, damina ce ta ɗan ja mu, amma ana ciki." Anti ta ce ƙarar ta ƙaru, yanzu har daga baranda tana ji.

Asabar 9 ga Agusta, da safe

Akwai wata matsewar. Ba irin ta na'urar ba. Wannan zubarwa take yi: ta duba sauti da hoto, ta yar da abin da take ganin kunne da ido ba za su lura ba, ta bar sauran. Abin da ta yar ba ya dawowa. Da ita kaya za su ragu su zama ɗan kaɗan, su bi eriya da sauri, su shige kaset ɗaya har da saura.

Rumbun Rogo ya cika taf, babu wurin ajiye sabo kusa da tsoho. Sai dai kowane fayil in ya matsu ya hau gurbin na asali.

Na gwada da ɗaya. Wani tsoho daga Beli yana ba da labarin yadda aka haƙa rijiyar unguwarsu. Na saurara a ƙaramar sipikar laftof. Ana jin kowace kalma.

Asabar, da la'asar

Daga nan Karaye na ba da umarnin matsewar. Ba sai na je ba. Kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata.

Lahadi 10 ga Agusta, da rana

Aikin yana tafiya.

Litinin 11 ga Agusta, da yamma

Ana jin kowace kalma. Na saurara da kunnena. Wanda ya zo neman tarihi kalmomi yake nema.

Alhamis 14 ga Agusta, da azahar

An gama. Duka a kaset ɗaya.

Shugaba ya zo da kansa ya ɗauki kaset ɗin yana jujjuya shi, ya ce, "Duk tsofaffinmu a cikin ɗan abin nan? Kai, ilimi!" Malam Yusha'u yana bayansa. Ya dube ni, ya dubi kaset na biyu da ke kan tebur a ledarsa ba a ko buɗe ba. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Malama Nuriyya. Na yarda."

Baba ya shigo da balangu da magariba, ya ce na injiniya ne. Na ba ƙannena.

Asabar 16 ga Agusta, da hantsi

Rumbun ya mutu yau da safe. Anti ta ce ya yi ƙara ɗaya ya yi shiru. Ta bugo tana kuka tana sa mini albarka. Ta ce da ba don ni ba. Ta ce Allah ya ba ni miji nagari da 'ya'ya masu jin ƙaina. Na yi ta cewa amin.

Litinin 18 ga Agusta, da azahar

Wani mutum ya zo daga Jajaye, Malam Hadi. Ɗan marigayi Ɗantala ne, mai gangar noma, wanda ya rasu bara da rani. Anti ta taɓa ba ni labarinsa: babu gayyar da ake yi a yankin ba da shi ba, shi ke bin bayan manoma yana kiɗa yana kiran kowa da sunan kakansa har a tashi gona. Ta ɗauke shi a gona, a tsakiyar aiki, ba a zaune ba.

Malam Hadi ya ce mahaifiyarsa, Iya Sauda, ta ji gangar wasu daga nesa makon jiya, tun ran nan ba ta cin abincin kirki. Ta ce a je wurin masu ɗaukar magana a roƙo mata muryar Malam, ko a waya ce, ta riƙa ji. Ya je Rogo, an turo shi wurina.

Na ce ya dawo Alhamis.

Litinin, da la'asar

Na ɗauko daga kaset. Na sa abin kunne.

Litinin, kafin magariba

Na sake saurara.

Talata 19 ga Agusta, da safe

Bari in rubuta, ko zan daina ji.

Farkon, inda yake zaune a gindin bishiya yana gaya wa Anti sunansa da na ubansa, yana nan. Siriri, kamar daga cikin gwangwani, amma yana nan. Da ya ɗauki gangar komai ya rushe. Tsarin da na zaɓa na magana ne. Ganga a wurinsa hayaniya ce, ya yi ta yankan ta, yana yanka yana haɗawa da muryar da ke kanta. Abin da ya rage kamar mutum yana ihu a ƙarƙashin ruwa. Hoton ma in suna tsaye ana gane fuska, da sun sunkuya da garma sai su zama tubala-tubala.

Na buɗe waƙoƙin daka na matan Yola. Haka. Taɓarya ta cinye su.

Tsoho ɗaya na gwada. Yana zaune, a ɗaki, babu kiɗa.

Talata, da yamma

Na wuni ina neman hanyar gyara. Na san babu. Na wuni ina nema.

Laraba 20 ga Agusta, da hantsi

Na ce wa Umma kaina ke ciwo. Ban fita ba.

Alhamis 21 ga Agusta, da azahar

Malam Hadi ya zo a kan babur, jikinsa duk taɓo. Na ce masa na'urar tana ɗan ba da matsala, ya dawo mako mai zuwa. Ya ce, "Ba komai, Hajiya, ai mu muke ba ku wahala." Ya ajiye mini ɗanyar gyaɗa a leda, ya ce Iya ce ta ce a kawo wa yarinyar.

Tana nan ƙarƙashin tebur.

Asabar 23 ga Agusta, da yamma

Na je Rogo. Anti tana share ofis. Ban iya faɗa ba, sai na sa mata abin kunnen na kunna.

Ta saurara a tsaye, tsintsiya a hannu. Ta cire ɗaya ta ce, "Wayar ce ta lalace?" Na ce a'a. Ta ce, "To kaset ɗin?" Na ce kaset ɗin lafiyarsa ƙalau, abin da na ba shi ya riƙe. Sannan na gaya mata, tun daga motar taki.

Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a benci. Ta ce ranar da ta ɗauki Ɗantala takalminta ya maƙale a laka, ƙafa ba takalmi ta bi shi har aka tashi. Ta ce ya yi mata kirari ita ma a cikin waƙar, ya kira ta mai akwatin da ba ya mantuwa.

Ta ce, "Nawa ne haka?"

Na ce, "Duk mai kiɗa. Duk mai daka. Maganganun zaune suna nan."

Ta ce, "Da kin kira ni ran nan, Nuriyya, da a kaina zan ɗauko kwamfutar in kawo miki."

Ta tashi ta ci gaba da shara. Na jira ko za ta ƙara cewa wani abu. Har na fito ba ta ɗago ba.

Litinin 25 ga Agusta, bayan la'asar

An yi taron kwamiti. Ni na nemi a kira. Na faɗa a tsaye. Ba zan rubuta abin da kowa ya ce ba.

Babu wanda ya yi dariya.

Makullin ofis yana hannun Malam Yusha'u zuwa lokacin da za su yanke shawara. Da na miƙa masa a waje, bai karɓa nan take ba. Ya ce, "Ranar da na ga kaset ɗin nan a ledarsa na san akwai magana. Na yi shiru don kada a ce ramuwa nake. Ni ma zan amsa tawa." Na so ya zage ni. Da ya fi sauƙi.

Talata 26 ga Agusta, da safe

Baba ya ji. Ban san wa ya gaya masa ba. Da na gaishe shi ya amsa, ya tambayi kwanana. Nuriyya ya ce, ba Injiniya ba.

Laraba 27 ga Agusta, da rana

Ruwa tun asuba.

Alhamis 28 ga Agusta, da hantsi

Yau Malam Hadi zai dawo Karaye. Na karɓi lambarsa na buga kafin ya taso. Na ce kada ya zo, ni zan zo. Na kira Anti na ce ba sai ta raka ni ba, kwatance kawai nake so. Ta ce in same ta a tashar Rogo ranar Asabar. Ta ce in zo da takalmin roba.

Asabar 30 ga Agusta, bayan magariba

Mun dawo daga Jajaye.

Daga Rogo muka hau babura, dawa ta rufe hanya hagu da dama. Iya Sauda 'yar ƙaramar tsohuwa ce, tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsinke zogale. Ta rungume Anti. Ni ta kama hannuna ta ce, "Ke ce mai ajiye Malam? Sannu, 'yar nan, sannu da hanya. Kin ci gyaɗar?"

An kawo ruwa, an kawo fura. Aka yi ta gaisuwa, ina ta fatan kada ta ƙare. Ta ƙare.

Na durƙusa. Na ce, "Iya, na zo ne da laifi. Muryar Baba Ɗantala da aka ba ni amana, na lalata ta da hannuna. Ba ruwa ba ne, ba inji ba ne. An nuna mini hanya mai kyau na ƙi bi, don kada a ce na kasa."

Malam Hadi ya sunkuyar da kai. Iya ta dube ni, ta dubi Anti.

Ta ce, "Babu ko kaɗan?"

Na ce, "Akwai, amma ba daɗin ji."

Ta ce, "Kunna."

Na kunna. Da ya faɗi sunansa da na ubansa ta ɗora hannu a baki. Ta ce, "Shi ne. Mura yake yi?" Na ce a'a, Iya, ni ce. Sai gangar ta shigo, komai ya dagule. Na kai hannu zan kashe, ta buge mini hannu.

Ta karkata kai tana saurare. Ƙafarta ta fara motsi a ƙasa. Can ta ce, "Ai ta gonar Sarkin Noma ce wannan. Nan yana kiran mutanen gidan Maƙera." Ta fara faɗin kalmomin a kan hayaniyar, ɗaya bayan ɗaya, daidai inda ya kamata su faɗo. Anti ta zaro rikoda daga jaka. Ban san ta taho da ita ba. Ta miƙo mini ba tare da ta kalle ni ba.

Iya ta ga abin ta ce, "Ni fa ba na waƙa. Ban taɓa yi ba yana da rai, ba zan fara yanzu ba. Faɗa kawai zan yi."

Anti ta ce, "Faɗar muke so, Iya."

Haka muka yi har rana ta karkata. In kunna kaɗan, in tsayar, ta faɗa. Murya a kwance, ba kiɗa, kamar mai ba da saƙo. Wani wurin ta yi dariya ta ce nan zagin wani malalaci yake, ba za ta maimaita ba gaban yara. Wani wurin ta share ido da bakin zane. Hannuna ya gaji da riƙon rikodar, ban sauya ba.

Kusa da ƙarshe akwai inda gangar take sassautawa, muryarsa ta hau sama ita kaɗai, ta daɗe. Iya ta tsaya. Ta ce in mayar. Na mayar. Ta matso da kunnenta har yana taɓa sipikar.

Ta ce, "Wannan ban san ta ba. Bai taɓa yin ta a gida ba." Ta juya wurin ɗanta. "Kai, ka san ta?"

Ya ce, "Ina Legas shekarar, Iya."

Anti ta ce ita tana can tana fama da laka, ta bar wa akwatin ya riƙe.

Iya ta juyo gare ni. Babu fushi a fuskarta, tambaya ce kawai. Ta ce, "'Yar nan, ke da kika yi karatun abin, me yake cewa a nan?"

Na ce, "Ban sani ba, Iya."

Ta ce, "To sake mayarwa."

Na mayar. Muka kasa kunne mu huɗu. Na sake mayarwa.